Wace shekara ce ta fi ƙona wa magoya bayan Iowa rai?

Ranar 3 ga Satumban 2022, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Iowa ta doke South Dakota State da ci 7 da 3 a filinta na Kinnick. Wanda ya san wasan, ya ga sakamakon a jarida, zai ɗauka sau ɗaya aka kutsa da ƙwallo gidan abokan hamayya, wato tacdawun, mai maki shida da ƙarin ɗaya na bugu. Ba haka aka yi ba. Maki uku na bugun ƙafa ne, sauran huɗun kuma masu tsaro ne suka samo su bibbiyu, da suka kayar da ɗan wasan South Dakota State a cikin gidansa har sau biyu. A ranar, masu tsaro sun fi masu kai hari cin maki.

A wannan wasa kowace ƙungiya runduna biyu gare ta, ba sa shiga fili tare. Masu hari suna da dama huɗu su ciyar da ƙwallo gaba yadi 10. In sun kasa a uku, galibi sai a kira mai bugun sallama ya dunkara ta can nesa, masu tsaro su shigo. Saboda haka a fili ake ganin ɓangaren da ke ɗauke da ɗan'uwansa. A Iowa, inda Kirk Ferentz yake horarwa tun 1999, shekaru uku ne ake jayayya a kansu in ana maganar gurguncewar hari: 2012, 2022 da 2023.

Ta 2012 ba ta buƙatar dogon bayani. An ɗauko Greg Davis, tsohon mai tsara harin Texas, ya zo da tsarin gajerun jifa zuwa gefen fili wanda bai dace da 'yan wasan da ya tarar ba. James Vandenberg, mai jefa ƙwallon da ya jefa tacdawun 25 a 2011, ya ƙare da 7. An ci wasa 4, an sha kashi a 8, shida na ƙarshe a jere. Abin da ciwo, amma ƙungiyar gaba ɗayanta ce ba ta da ƙarfi, kuma mutum ba ya cizon yatsa sosai a kan abin da dama ba zai samu ba.

In alƙaluma za a bi, 2023 ce mafi muni. Matsakaicin maki 15.4 a wasa, da yadi 234.6, wanda a yadi shi ne na ƙarshe cikin ƙungiyoyi 133 na babban rukunin jami'o'i. Penn State ta ci su 31 da nema, inda duk harin Iowa ya tashi a yadi 76. Michigan ta ci su 26 da nema a wasan ƙarshe na gasar Big Ten, Tennessee ta rufe musu shekara da 35 da nema. Mai bugun sallamarsu, Tory Taylor ɗan Ostireliya, ya tara yadi 4,479, ya karya tarihin da aka kafa tun 1938. Ƙafarsa shi kaɗai ta kai ƙwallo nesa fiye da yadda duk masu hari suka kai ta, da tazarar da ta haura yadi 1,000.

Shekarar kuma tana da nata wasan kwaikwayon. Mai tsara harin, Brian Ferentz, ɗan cikin Kirk ne, kuma saboda dokar jami'a ta hana son dangi, a takarda ba mahaifinsa ne ubangidansa ba, daraktan wasanni Gary Barta ne. A Fabrairun 2023 Barta ya rage masa dala 50,000 daga albashi, ya gindaya masa sharaɗi: matsakaicin maki 25 a wasa da nasara 7. Har makin da masu tsaro suka ci ana lissafa masa, abin da ya nuna irin sassaucin sharaɗin. Jama'a suka ninka 25 sau wasanni 13, suka samu 325, suka riƙa ƙirga kowane mako kamar 'yan adashi. Ba a kai ko kusa ba. Ranar 30 ga Oktoba, Beth Goetz, wadda ke riƙon kujerar Barta bayan ya yi ritaya, ta sanar cewa Brian ba zai dawo baɗi ba.

Duk da haka ban yarda 2023 ce ta fi ƙona rai ba. Tana da uzuri. Cade McNamara, mai jefa ƙwallon da aka ɗauko daga Michigan, ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan Michigan State tun ƙarshen Satumba. Luke Lachey da Erick All, manyan masu cafe ƙwallo biyu, su ma rauni ya fitar da su. Kuma ƙungiyar ta ci wasa 10, ta ɗauki kofin yankin yamma na Big Ten. Can tsakiyar kaka magoya baya sun daina sa rai, sun koma raha da abin. Cin Northwestern 10 da 7 ko Nebraska 13 da 10 ya zama abin dariya da alfahari a lokaci guda. Fushinsu mafi zafi ma a kan alƙalai ya sauka, ranar da aka soke tacdawun ɗin ɗan wasansu Cooper DeJean a wasan da Minnesota ta ci su 12 da 10.

A 2022 ne aka yi asarar gaske. Masu tsaron da Phil Parker ke tsara wa wasa maki 13.3 kacal ake cin su a wasa, na biyu a duk ƙasar. Mai tsaro Jack Campbell ya karɓi kyautar Butkus, kuma shi da Lukas Van Ness an ɗauke su a zagayen farko na zaɓen 'yan wasan gasar ƙwararru ta NFL da ya biyo baya. Da irin wannan tsaro, hari mai matsakaicin ƙarfi ma ya isa. Sai ga Iowa State ta ci su 10 da 7, Illinois ta ci su 9 da 6. Ka hana abokin karawarka wuce maki 10 sau biyu, kuma duka ka sha kashi! Raunuka akwai su, musamman cikin masu cafe ƙwallo, amma Spencer Petras, a shekararsa ta uku yana jagorantar hari, shi ya fara wasanni 12 cikin 13 na kakar, kuma Sam LaPorta, wanda ya haskaka da Detroit Lions shekara guda bayan nan, yana cikin rundunar. Ba rashin mutane ba ne kawai.

Babbar hujja a kan tsarin ita ce Charlie Jones. A 2021 ya cafe ƙwallo 21 a Iowa. Ya koma Purdue, a 2022 ya cafe 110, fiye da kowa a ƙasar, da tacdawun 12. Iowa gaba ɗayanta tacdawun 7 ta jefa a wannan shekarar. Purdue ɗin ce kuma ta ɗauki kofin yankin yamma, bayan Iowa ta faɗi a gida 24 da 17 a hannun Nebraska, wadda ta zo filin da nasara 3 kacal. Ko wasan ƙarshe da suka ci Kentucky 21 da nema, biyu daga cikin tacdawun ukun masu tsaro ne suka fizge ƙwallo suka ruga da ita.

Abin da ya ƙara wa 2022 ɗaci shi ne amsar da hukuma ta bayar bayan an ga duk wannan: aka bar mai tsara harin a kujerarsa, aka rubuta masa sharaɗi. Gyaran sai a 2024 ya zo, da aka ɗauki Tim Lester, Kaleb Johnson ya riƙa ratsa masu tsaro da gudu, matsakaicin makin Iowa ya haura 25 ɗin nan. Amma a lokacin Campbell da Van Ness da DeJean da Taylor duk sun tafi NFL, an kuma rushe tsarin yankin yamma da aka shigo da Oregon da Washington da USC da UCLA cikin gasar.