NOMAN RADISH A FADAMA: KADA KA BARI YA FID DA KARA

Malam manomi, idan kana noman rani a fadamun Wonaka, ko Tsafe, ko bakin Gulbin Sakkwato wajen Gusau da Bunguɗu, ka san halin latas. Da zafi ya shigo sai ya miƙe, ya fid da kara da fure, ganyen ya yi ɗaci. To, radish ma haka yake, har ya fi latas gaggawa.

Radish ɗan jan saiwa ne mai yaji-yaji, girmansa kamar goro, ana yanka shi ɗanye cikin salak. Amfaninsa gare ka shi ne saurin nuna: kwana 25 zuwa 30 ka cire. Amma ba cimar ƙauye ba ce. Masu haɗa salak da gidajen abinci na birni ke sayensa, saboda haka ka sami mai saye a Gusau tukuna, sannan ka fara da fangali ɗaya ko biyu.

Lokacin shuka

Nan ne maganar take. Radish ɗan sanyi ne. Ka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin hunturu. Wanda ka shuka a ƙarshen Fabrairu zai tarar da zafin Maris, ga kuma Afrilu da zafi kan kai digiri 40 a ƙasar nan. Shuka in ta ji wuya sai ta bar tara abinci a saiwa, ta juya ga yin 'ya'ya. Abincin da ya kamata ya cika saiwar shi ne ke hawa karan. Shi ya sa saiwar ke zama siririya, mai tauri kamar itace, yajinta ya yi yawa. Da zarar kara ya fito, babu taki ko maganin feshi da zai mai da shi. Kada wani ya sayar maka da magani a kan wannan.

Kada ka zuba irinka duka rana ɗaya. Shuka kaɗan duk bayan kwana 10, don kada ya nuna maka gaba ɗaya ka rasa inda za ka kai shi.

Yadda za ka shuka

Ka kafce ƙasa ta yi laushi, ka fid da tsakuwa, ka zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai. Ba a dashen radish kamar albasa ko tumatir. Inda ka shuka nan zai girma. Zurfin rami rabin inci, tsakanin layi da layi inci 6. Bayan mako ɗaya da tsirowa sai ka rage, ka bar faɗin yatsu uku tsakanin tsiro da tsiro. Manoma da yawa na jin tausayin cirewa, alhali cunkoso na cikin abubuwan da ke sa shi fid da kara. Yuriya kuwa, in ta yi yawa, ganye za ka samu, ba saiwa ba.

Ban-ruwa

Kada ƙasar ta bushe ko sau ɗaya. A ƙasa mai rairayi ka ba da ruwa kullum, da safe ko da yamma. In ka bar shi da ƙishi kwana uku sannan ka malala masa ruwa, saiwar za ta tsage. Ɗan shimfiɗa busasshiyar ciyawa tsakanin layuka na rage zafin ƙasa.

Daga kwana 21 ka riƙa tona ɗaya kana dubawa. In ya kai goro, cire shi, kada ka jira ya ƙara girma, don cikinsa zai koma kamar soso. Ka cire da sassafe, ka wanke, ka ɗaure dami-dami, ka kai kasuwa ran nan.

Idan ya riga ya fid da kara

Tumɓuke shi, ka sa wani abu a fangalin. Ba duka ka yi asara ba: ganyen mai taushi na shiga miya, sauran ka ba awaki. In kana son iri, kada ka ɗiba daga waɗanda suka riga 'yan'uwansu fure, don 'ya'yansu ma gaggawar za su gada. Zaɓi masu kyawun saiwa da suka yi jinkiri, ka bar su har kwanson ya bushe. Irin da aka rubuta F1 a jikin takardarsa kuwa ba a ajiye 'ya'yansa, sai dai ka sayi sabo. Malamin gona na yankinku zai nuna maka wannan alama a jikin takardar.