Shafar Aljanu da Korar Su: Abin da Musulunci da Kiristanci Suka Tanada

A sassa da dama na Najeriya, idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, ko ya fara surutai da fizge-fizge, wurin malami ko fasto ake fara kai shi kafin a tuna da asibiti. Wannan ɗabi'a tana da tushe a addinan biyu, sai dai kowanne ya gindaya mata ƙa'idojin da ba kowa ya san da su ba.

A Musulunci, samuwar aljanu ba abin jayayya ba ne. Alƙur'ani ya bayyana cewa daga wuta aka halicce su, kuma sura ta 72 sunansu take ɗauke da shi. Inda aka yi saɓani shi ne ko aljani na iya shiga jikin ɗan Adam. Mafi yawan malaman Sunna, ciki har da Ibn Taimiyya wanda ya rasu a 1328, sun tabbatar da hakan, suna kafa hujja da aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Wasu malaman Mu'utazila sun musanta, suna ganin tasirin Shaiɗan bai wuce waswasi ba.

Maganin da aka amince da shi shi ne ruƙiya, wato karanta Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi da addu'o'in da aka ruwaito, tare da tofi. Ibn Hajar ya kawo sharuɗɗa 3: a yi ta da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, da Larabci ko harshen da ake fahimta, kuma a ƙudurce cewa waraka daga Allah take. Da wannan ne malamai ke bambanta ruƙiya da bori, inda ake lallashin iskoki da kiɗa da yanka.

A Kiristanci kuwa, tushen yana cikin Linjila. Babi na 5 na littafin Markus ya ba da labarin wani mutum mai zama a makabarta, wanda sarƙa ba ta riƙe shi, har Yesu Almasihu ya kori aljanun da ke jikinsa suka shiga garken aladu kimanin 2,000.

Cocin Katolika ya tsara yadda ake wannan aiki a littafin ibadarsa na 1614, ya sabunta shi a 1999. Doka ta 1172 ta dokokin cocin ta hana kowa gudanar da shi sai limamin da bishop ya ba izini na musamman. Majami'un Fentikos, irin su Mountain of Fire da aka kafa a Legas a 1989, sun fi dogara ga azumi da addu'ar dare cikin taro, kuma ba su da hukuma guda da ke sa ido a kansu.

Abin lura shi ne, ɓangarorin biyu sun yarda cewa ba kowace faɗuwa ce ta aljanu ba. Ibn Ƙayyim ya kasa farfaɗiya gida 2: wadda ya danganta ga miyagun ruhohi, da wadda ke tasowa daga jiki, wadda ya ce ita ce fagen likitoci. Koyarwar Katolika ma ta wajabta a fara tabbatar da cewa ba taɓin hankali ne ke damun mutum ba.

Watsi da wannan mataki ne ke jefa marasa lafiya cikin wahala. A 2019, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da mari a Najeriya, a cibiyoyin Musulmi da na Kirista, da gidajen masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati. A Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin waɗannan bayin Allah.

Farfaɗiya da yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa suna lafawa da magani, kuma akwai asibitocin tarayya na musamman a Kaduna, Kware, Maiduguri, Yaba da Aro. Iyalin da suka kai ɗansu can ba su rufe ƙofar addu'a ba.