Maƙerar da ke cikin jikinmu



Tukunyar zubi da ake saye a kasuwar Dole ta Damagaram, kun san asalinta: tsofaffin gwangwanaye ne maƙeri ya narke. To, irin wannan aiki ana yin sa cikin jikinmu dare da rana.

An gina jiki da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Kusan kowace irin ƙwaya tana da 'yan jakunkuna masu narkar da kayanta da suka lalace, ta sake gini da su. Christian de Duve, masani ɗan Beljik, shi ya gano jakunkunan a 1955.

Yaya ƙwaya ke bambanta mai kyau da lalatacce? Da shaida, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabba. Idan furotin, wato sinadarin gina jiki, ya lalace, sai a liƙa masa wani ƙaramin furotin, ubikitin. Wannan shaida ita ke kai shi wurin narkewa.

Akwai shaida ta biyu, fosfat. In an ƙoshi, sai a liƙa ta ga furotin mai hura wutar maƙerar, aiki ya lafa. In yunwa ta zo, a cire ta, wuta ta tashi, ƙwaya ta ci daga kayanta.

A nan nake jan kunnen iyaye. Wannan tanadi na ɗan lokaci ne. Yunwa in ta daɗe, jiki naman kansa yake ci, shi ya sa damtsen yaro mai tamowa ke komawa kamar kara. Kada a jira, a kai shi likita a auna damtsen.