Siyasar Cikin Waya Da Kwanciyar Ran Gida

Ana saura mako biyu a yi zaɓen shugaban ƙasa na ran 25 ga Fabrairu, 2023, wani abokin aikina ya shigo ɗakin malamai idanunsa jawur. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Ina fa lafiya! Har ƙarfe biyun dare ina gardamar siyasa da wani a Facebook." Ko fuskar mutumin bai taɓa gani ba. Amma ran nan 'yan aji biyar ne suka sha faɗa a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Matarsa kuwa ta gaya wa tawa, wai ko tuwo ba ya ci sai da waya a hannu.

Ya mai karatu, kada ka yi masa dariya, gama tarkon nan da gangan aka ɗana shi. Kamfanonin nan da talla suke samun kuɗi, saboda haka suna so ka daɗe kana kallo. Na'urarsu tana lura da abin da ke tsai da kai, sa'an nan ta ƙaro maka irinsa. Ba kuwa abin da ke tsai da mutum kamar fushi da tsoro. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun kamfanin. Suka nuna cewa akwai lokacin da alamar fuskar fushi ɗaya take da nauyin alamar "ina so" biyar wajen zaɓen abin da za a tura wa jama'a. Watau maganar da ta fi tunzura mutane ita ta fi yawo.

Zuciya ba ta iya ɗaukar wannan dare da rana. Barci ya ƙaurace, gaba ya riƙa faɗuwa, maƙwabcin da kuke cin kasuwa ɗaya ya zama abin zargi domin jam'iyyarsa dabam.

Akwai magani? A 2018, gab da wani zaɓe a Amurka, masanan jami'o'in Stanford da New York suka biya waɗansu mutane su rufe Facebook mako huɗu. Kowannensu ya sami kamar awa guda ta rara a yini, suka ƙara zama da iyali da abokai, ransu ya ɗan ƙara kwanciya, zafin ra'ayinsu ya ragu. Sai dai labarin da suka sani ya ragu shi ma.

Don haka ban ce ka toshe kunne ba. Ɗan ƙasa na kirki ya kamata ya san abin da ake ciki, ya kuma jefa ƙuri'a. Amma ka sa wa abin lokaci, kamar labarin rediyo. Kada waya ta zo wurin cin abinci, kada ta kwana kusa da matashinka. Abin da ya tafasa maka zuciya, bari ya kwana kafin ka tura.

Abokina yanzu a aljihun tebur wayarsa take kwana. Zaɓe ya wuce, wani yana tafe, amma yaran da suka ga fuskarka a murtuke ba su mantawa da wuri.