Ƙwayar Ciwon Jiki Da Jijiyoyin Jinin Leburori

Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai a lokacin da leburori ke tashi daga aiki, zai tarar da masu tallar magani sun baje tirensu a bakin titi. Majemi da ɗan dako duk abu guda suke nema, watau maganin ciwon jiki, galibi diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci ma a ƙunsa musu biyun tare.

Abin da ba a gaya musu shi ne ɓarnar da ƙwayar ke yi bayan ta kashe ciwon. Cikin kowace jijiyar jini akwai wata siririyar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta. A 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa asfirin da danginsa suna toshe wani sinadari a jiki wanda ta hanyarsa zafi da kumburi ke samuwa. A 1976 kuma shi da abokan aikinsa suka gano cewa da wannan sinadarin ne bangon jijiya ke haɗa abin da ke buɗe ta, ya kuma hana jini daskarewa. Ashe mai shan ƙwayar nan kullum yana rage wa jijiyarsa makami ne. Jini kan hau, ƙoda kan sha wuya, balle ga wanda ya yini yana gumi bai sha isasshen ruwa ba.

Akwai kuma zancen rauni. In wuƙa ta yanki majemi, ƙwayoyin shimfiɗar nan ne ke fitar da sinadarai masu narka abin da ya tare musu hanya, su rarrafa zuwa bakin raunin, su gina sababbin jijiyoyi. Gwaje-gwajen masana sun nuna magungunan nan suna rage wannan aiki, har ana ganin yana cikin dalilan da ke sa gyambon ciki ya ƙi warkewa ga masu shansu.

Turawa sun daɗe da farga. A 2004 kamfanin Merck ya janye Vioxx daga kasuwa saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a ba masu ciwon zuciya diclofenac. Mai tire kuwa ba ya auna jinin kowa, kuɗin ƙunshi kawai yake tambaya.