Sifirin da Shokozoba: Yadda Lodi da Gargada Suka Buɗe Kasuwa a Kontagora

KONTAGORA — Da zarar kaka ta yi, masara da dawa da shinkafa suka fara fitowa daga ƙauyukan Mariga, Magama, Rijau da Mashegu, aiki kan ƙaru wa kanikawa da masu walda na garin Kontagora. Galibin motocin da ake kawo musu a wannan lokaci injinsu lafiya yake. Abin da masu su ke nema shi ne a ƙara wa sifirin na baya ƙarfi, a ɗaga mazaunin motar, domin ta ɗauki buhunan da suka zarce abin da kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade.

Wannan aiki, wanda a ido ƙaramin gyara ne, ya shafi aljihun mutane da yawa: mai mota, direba, ɗan kasuwar hatsi, mai sayar da kayan gyara, har ma da gwamnati mai gyaran hanya. Kontagora, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa a wajejen 1864, tana kan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilori, Jebba da Mokwa, ta wuce Yawuri zuwa Sakkwato. Daga garin kuma wata hanya ta nufi Tegina, inda ake rabuwa zuwa Minna ko Kaduna, wata kuma ta nufi Rijau da Zuru. Saboda haka duk abin da ya taɓa kuɗin ɗaukar kaya a wannan mahaɗa yakan bayyana a farashin buhu a kasuwannin da ke nesa da ita.

Masu saukewa da masu ɗagawa

A ƙasar Amurka akwai wata kasuwa mai kama da wannan, sai dai manufarta ta saɓa. Tun daga 1964, shekarar da aka fito da Pontiac GTO da Ford Mustang, Amurkawa suka shaƙu da wasu motoci masu manyan injuna waɗanda aka yi domin gudu. Masu irin waɗannan motoci kan cire sifirin na kamfani su sa gajere mai tauri, wanda kan sauke motar da inci ɗaya zuwa biyu, wato santimita biyu da rabi zuwa biyar. Amfanin hakan shi ne nauyin motar ya matso kusa da ƙasa, ta rage karkata idan ta sha kwana da gudu. Kamfanoni irin su Eibach da Bilstein na Jamus da Koni na Holan sun yi suna a wannan sana'a.

Masu wannan aiki a can suna bin ƙa'ida guda wadda ta dace kanikawan Nijeriya su lura da ita: ba a sauya sifirin a bar tsohuwar shokozoba. Dalili kuwa shi ne kowannensu da aikinsa. Sifirin shi ke ɗaukar nauyin mota, ya lanƙwashe idan ƙafa ta faɗa rami, sannan ya miƙe. Shokozoba kuwa ba ta ɗaukar nauyi. A cikinta akwai mai wanda ake tilasta wa bi ta wasu ƙananan kafofi, kuma wannan turjiya ita ke hana motar ci gaba da tsalle bayan ta wuce ramin. An auna kowace shokozoba ne daidai da taurin sifirin da kuma tsayin da za ta yi aiki a kai. Idan aka taɓa ɗaya aka bar ɗaya, ma'aunin ya lalace, ko saukewa aka yi ko ɗagawa. Bayan haka kuma tilas a sake saita ƙafafun motar, in ba haka ba tayoyi za su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya.

Gadon Fijo

Direbobin da suka daɗe a sana'a ba su manta da Peugeot 504 ba, wadda aka fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ta zama motar ofis, motar haya da motar kasuwa gaba ɗaya. A wannan shekara ta 1975 ne kuma 504 ta lashe tseren Safari na Afirka ta Gabas, wanda ake yi a kan hanyoyi marasa kwalta. Abin da ya ba ta farin jini shi ne tsayinta daga ƙasa da kuma laushin ƙafafunta a kan gargada. Mai dogon baya ta fasinja tana da murɗaɗɗen sifirin guda biyu a kowane gefe na baya, ita kuwa akori-kura tana da sifirin mai falle-falle, kuma an yi ta domin kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba.

Al'amura sun sauya bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a matsakaicin farashin gwamnati, amma da aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje a watan Satumba na 1986 sai ta haura naira huɗu. Sabuwar mota ta fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa, aka koma ga motocin gwanjo daga Turai, waɗanda da yawa daga cikinsu suka riƙa shigowa ta Kwatano a lokacin. Waɗannan motoci an ƙera su ne domin titunan da ba su da ramuka, kuma kafin su iso nan sifirin ɗinsu ya riga ya gaji. Tun daga lokacin, ƙarin sifirin ya zama kusan aiki na farko da ake yi wa motar haya kafin ta shiga tasha.

Lissafin direba

Dalilin obalodi a fili yake ga duk wanda ya san yadda ake biyan kuɗin mota. Ana biyan direba ne a kan kowane buhu, alhali kuɗin da zai kashe a sawu ɗaya, wato mai, kuɗin tasha, la'adar 'yan kamasho da abin da zai kai wa mai mota, kusan ba ya sauyawa ko buhu nawa ya ɗauka. A misali, idan motar da aka yi domin buhu goma masu kilo ɗari-ɗari tana buƙatar kuɗin buhu bakwai kafin ta mayar da abin da aka kashe, ribar sawun kuɗin buhu uku ce. Idan aka ɗora mata buhu goma sha shida, ribar ta koma kuɗin buhu tara, ban da ɗan ƙarin man da za ta sha. Lodi ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, riba kuwa ta ninka kusan sau uku.

Matsin ya ƙaru bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai naira 617 a Abuja a watan Yuli na wannan shekara. A watan Yuni kuma aka saki naira a kasuwar canji, inda dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Wannan ya bugi mai mota ta fuska biyu, domin man da yake ƙonawa ya yi tsada, haka nan shokozoba da taya da sauran kayan gyara da ake shigo da su da dala.

Sai dai wannan lissafi na buhu bai cika ba. Ƙarin falle biyu ko uku a sifirin yana hana bayan mota zaunawa a kan taya, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa shasi kauri ba, kuma bai sauya nauyin da taya za ta iya ɗauka ba. Kowace taya tana da lambar nauyi a jikinta: mai lamba 91 an yi ta domin kilo 615, mai lamba 100 kuwa kilo 800. Tayar da aka ɗora wa fiye da ƙima takan yi zafi, ta fashe, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da kwalta ke ɗaukar zafi. Bugu da ƙari, motar da aka ɗaga kuma aka jibga wa kaya har saman bodi ta fi saurin kifewa a kwana, domin nauyinta ya yi nisa da ƙasa. Idan kuma ta sauke kaya ta juyo wayam, taurin sifirin kan sa ƙafafun baya su riƙa tsalle a kan gargada suna rabuwa da ƙasa, a lokacin nan kuwa birki da sitiyari ba su da cikakken iko. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sanya obalodi cikin laifuffukan da take cin tara a kansu.

Wanda ke biyan kuɗin hanya

Akwai kuma asarar da ba ta shiga littafin mai mota ko kaɗan. Tsakanin 1958 da 1960, injiniyoyi a jihar Illinois ta Amurka sun gudanar da wani babban gwaji inda aka yi ta zagaya motoci masu nauyi daban-daban a kan tituna ana auna lalacewarsu. Sakamakon ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan aksil, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafun mota biyu, ɓarnar da ake yi wa titi takan ninka kusan sau goma sha shida. Wannan ya fi shafar tireloli da tankokin mai da ke bin hanyar Mokwa zuwa Kontagora dare da rana, kuma shi ya sa ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar bai-ɗaya ta nauyin aksil a 2012. Abin ya zama kamar zobe: nauyi ya ɓata hanya, hanya ta karya sifirin, mai mota ya ƙara lodi domin ya mayar da kuɗin gyara. A ƙarshe manomi ne ke karɓar farashi mai rauni a ƙauye, mai saye kuma ya biya da tsada a birni.

Kasuwar kayan gyara

Kayan da ake sayarwa a shagunan Kontagora kan fito ne daga manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas, Nkwo a Nnewi, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Sun kasu gida uku: sababbi na kamfanonin da aka sani, kamar KYB na Japan da Monroe na Amurka, na gwanjo da aka kwance daga motocin Turai, waɗanda ake kira 'yan Baljiyam, sai kuma sababbi masu araha waɗanda wasunsu jabu ne a cikin kwalin kamfani mai suna. Sifirin mai falle-falle na gwanjo yakan yi amfani idan bai tsage ba, domin ana iya ganin lafiyarsa da ido. Shokozoba kuwa lalacewarta a ciki take, kuma fenti ba ya nuna kilomita nawa ta yi. Wasu kamfanonin da ke ƙera ta kan ba da shawarar a sauya ta bayan kimanin kilomita 80,000, a kan hanyoyin karkara kuwa da wuya ta kai haka. A nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado take tabbata, domin matacciyar shokozoba kan cinye taya biyu da suka fi ta tsada.

Haka nan akwai dabarun gareji da suka fi jawo asara fiye da riba. Gasa fallen sifirin a wuta domin a ƙara masa lanƙwasa yana kashe ƙarfin ƙarfen, ba ya jimawa zai sake kwanciya. Falle da aka yi wa walda yakan karye a gefen waldar. Cusa guntun taya a tsakanin murɗin sifirin yana ɗaga mota, amma yana rage wurin da sifirin zai motsa, sai duk bugun rami ya koma kan bodi.

Masu ƙananan motoci na shiga ma ba su tsira ba. A cikin motocin gwanjo da ke zuwa daga Amurka akwai waɗanda masu su na farko suka riga suka sauke. Irin wannan mota takan burge a wurin dillali, amma da ta haɗu da tudun rage gudu ko ramin damina sai salansa ko ƙasan injin inda baƙin mai ke taruwa ya bugu. Wanda zai saye ya kamata ya sa kuɗin mayar da ita tsayinta na asali a cikin ciniki.

Abin da ya kamata mai jari ya duba

Ga mai motocin haya, matakin farko shi ne ya karanta farantin da ke jikin ƙofar direba, inda kamfani ya rubuta iyakar nauyin mota da kayanta. Idan kayan da yake ɗauka kullum sun zarce wannan adadi, motar ce ta yi masa kaɗan, kuma gara ya tara kuɗin Kanta da ya riƙa zuba su a gyaran akori-kura. Idan kuwa ƙarfafa ƙafafun ya zama dole saboda yanayin hanya, to a sauya sifirin da shokozoba tare, a kuma yi wa hagu da dama a lokaci guda, a sa sababbin ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, a sayi tayar da lambarta ta dace da nauyin, sannan a duba birki. Ya kuma kamata a riƙe littafi ga kowace mota, a riƙa rubuta ranar da aka sa kowane ƙarfe da ranar da ya mutu. Daga wannan littafi ne mai mota zai gane ko buhunan da ake ƙarawa suna biyan kuɗin abin da suke karyawa.

Ga masu shagunan kayan gyara kuma, akwai gurbin da ba a cike ba. Ɗan kasuwar da zai ɗauki wakilcin kamfani guda, ya ba da rasiɗi da tabbacin mayarwa idan kaya ya gaza cikin wani ƙayyadadden lokaci, ya kuma ajiye na'urar saita ƙafafu a gefen shagonsa, zai iya samun masu motoci da yawa a matsayin abokan ciniki na dindindin. Lokacin da ya fi dacewa da wannan shiri shi ne ƙarshen damina, a watannin Satumba da Oktoba, kafin hatsi ya fara fitowa, lokacin da ruwa ya gama ɓata hanyoyin ƙauye kuma masu motoci ke shirin shiga kaka.