BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Zuwa ga 'yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan aji 4, 5 da 6 na firamare, da yayyensu masu riƙe da wannan mujalla a hannu. Yau mun ajiye zancen soyayya gefe guda, mun nufi gabashin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo, don mu tattauna kan karatun mako da shirin jarrabawa.

Kowa ya san yadda abin yake. Malam zai ce ran Juma'a akwai gwaji, yarinya ta yi ta harkokinta tun daga Litinin, sai daren Alhamis ta ɗauko littafi tana haddar dole, ido na gyangyaɗi, fitila na lumshewa. Gari na wayewa rabin abin ya gudu. Ta dawo gida tana cewa ita kanta ne ba ya ja. A'a ƙanwata, kanki lafiyarsa lau, gorar ce kika tashi fafewa ranar tafiya.

Me ya sa waɗannan azuzuwa uku suke da nauyi? Na farko, a nan ne Turanci yake mamaye littattafai, da shi kuma ake rubuta manyan jarrabawa. Na biyu, makin gwaje-gwajen da malam yake yi a cikin zango ba zubar da shi ake ba, ana tara shi a haɗa da na ƙarshen zango. Na uku, a aji 6 ne ake fuskantar jarrabawar shiga sakandare. Mai son makarantun gwamnatin tarayya, kamar ta 'yan mata da ke Tambuwal, sai ta zauna wadda hukumar NECO ke shiryawa, ga Lissafi, ga Turanci, ga kimiyya, ga tambayoyin gwada kaifin basira. A gidaje da yawa kuwa, in yarinya ta tashi da sakamako maras kyau, shi ke nan an samu hujja. Sai ki ji an ce, "Tun da bokon bai karɓe ta ba, ta ɗauki farantin talla kafin miji ya fito." Kin ga ashe ɗan gwajin nan na Juma'a ba abin wasa ba ne.

Wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya bincika yadda mantuwa take, ya fitar da littafinsa a 1885. Ya gano cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa ne tun a rana ta farko, amma in ana waiwayarsa a kai a kai cikin kwanaki sai ya zauna daram. Mu kam wannan ba baƙon zance ba ne. A makarantar allo ba a wanke allo sai an biya wa malam karatu da ka, sannan ga tilawa ta baya kullum. Dabarar ke nan za mu ɗauko mu kai wa boko.

Daga Litinin zuwa Laraba, in an yi sallar Magariba an ci tuwo, ki ware minti 20 kacal. Karanta abin da aka yi yau sau ɗaya, ki rufe littafin, ki faɗa da bakinki da Hausa, kamar kina ba Inna labari. Inda kika cije, nan ne ramin, sai ki buɗe ki duba. Kallon shafi kawai yana ruɗin mutum ya zaci ya iya, rufe littafin shi ke tona gaskiya.

Ran Alhamis aikin Yaya ne. Ki tsaro wa ƙanwarki tambayoyi 10, bakwai daga karatun wannan mako, uku daga na makonnin baya. Ki sa mata misali da abin da ta sani. Baba ya ɗebo albasa buhu 12 daga fadamar Wurno, ya kai kashi ɗaya bisa huɗu kasuwa, buhu nawa ya rage? In ta ce 9, ki yaba mata. Yarinyar da ke ba da canji a wajen talla ba ta taɓa kuskuren naira ɗaya ba, wa zai ce ba ta iya Lissafi ba? Don Allah ban da duka, ban da "daƙiƙiya". Tsoro ba ya buɗe ƙwaƙwalwa.

Ran Juma'a ki karanta tambaya sau biyu kafin ki sa biro, ki fara da masu sauƙi. Asabar kuma kada a naɗe ƙosai da takardar gwajin. Duk inda malam ya sa jan biro, ki sake yin sa a wani littafi na daban. Wannan ɗan littafin gyara shi ne dukiyarki in babbar jarrabawa ta matso. Ranar kasuwa ko lokacin cirar albasa in aiki ya hana ki zuwa, ki ari littafin ƙawarki a ranar, kada bashin karatu ya kwana biyu.

Dubi madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima. Ba ruwan dare ɗaya ne ya cika ta ba, na damina ne yake taruwa sannu a hankali, rani ya zo manoma su amfana. Haka ilimi yake.

Kuma ku 'yan wannan yanki kuna da gadon da za ku yi tinƙaho da shi. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji sanye da malfa suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su biya wa sauran mata har ya zauna. Rabah kuwa ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya tashi daga nan har ya gama Kwalejin Katsina a 1931. A Sakkwato ne ma aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, wanda dokarsa ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, ga mace da namiji.

Iyayenmu mata, muna roƙon arziki, ku ɗaga wa yarinya wanke-wanken dare na ɗan wannan lokaci. Gobe ita ce malamar asibitin da za ta karɓi haihuwa a garinku, ba sai an nemo baƙo ba. Ke kuma Yaya, rabin lokacin da kike ɓatawa wajen zance ya ishi ƙanwarki ta ci gwajinta.

Allah Ya ba ƙannenmu sa'a, Ya zaunar da yankinmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.